Littafin labari mai haɗe da kayan mutum-mutumi: yaro ya sa ƙaramin batir a baki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Mabera. Ƙanen maigidana ya kawo wa ɗana mai shekara 7 irin littafin nan na labari da ke zuwa da kayan haɗa mutum-mutumi, ana karanta labarin ana haɗawa. Wallahi yaron ya so shi sosai. To jiya na iske ƙanensa ɗan shekara 2 da ƙaramin batirin rimot ɗin a baki, mai faɗi kamar kwabo, na samu na zaro shi. Kakarsu ta ce ba komai, ai batirin ya mutu, ko da ya haɗiye man ja za a ba shi ya fita da kashi. Hankalina bai kwanta ba. In jefar da kayan ne ko mi zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya tsare, kuma rashin kwanciyar hankalinki daidai ne.

Kar ki jefar da kayan. Ina koya wa yara haɗa irin waɗannan abubuwa, kuma ina ganin amfaninsu, musamman masu zuwa da labari, don yaron da ba ya son karatu sai ki ga yana buɗe shafi da kansa saboda yana son ya san inda za a sa tayar. In littafin da Turanci yake ki karanta masa ki fassara da Hausa, ku tsaya inda labarin ya tsaya ya haɗa wannan ɓangaren da hannunsa. Kar babansa ya zauna da dare ya haɗa masa duka, an kashe wasan kenan. In ya kunna abin ya yi baya maimakon gaba, wayoyin ɗan injin ne aka juya, ki bar shi ya gano.

Yanzu maganar batir, a nan zan daɗe, don maganar da Inna ta faɗa ina jin ta kullum, har daga bakin masu boko. Da girmamawa gare ta, ba haka ba ne. Wannan batir mai faɗi, galibi za ki ga an rubuta CR2032 a bayansa, faɗinsa milimita 20 ne, ƙarfinsa bolt 3. Faɗin nan shi ne matsalar, don maƙoshin yaro ɗan shekara 2 ƙarami ne, sai batirin ya tsaya a hanyar abinci bai kai ciki ba. Da ya tsaya, yawu ya jiƙa shi, wuta ta fara zagayawa, sai ruwan wurin ya koma wani sinadari mai cin nama irin sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Cikin awa 2 kacal yana iya yin mummunar ƙuna, in aka daɗe ya huda maƙoshin har ya kai ga babbar jijiyar jini. Kuma batirin da ya daina kunna rimot bai mutu ba, sauran wutar da ke cikinsa ta isa ta yi wannan ɓarnar. Man ja ba ya kashe wuta Hajiya. Sa yaro amai ma haɗari ne, ba a yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron yana iya numfashi lafiya yana wasansa, shi ya sa ake sakaci. Sai daga baya ya fara dalalar da yawu, ya ƙi abinci, tari, amai, sai a ce mura ce a tafi kemis, mai kemis da bai tambayi komai ba ya haɗo maganin tari da na zazzaɓi ya karɓi kuɗinsa. Wani gidan ma wanzami za a kira wai belu ne a yanke. Haba jama'a! Yaro na ƙonewa ta ciki ana ta gwaje-gwaje a kansa. In kina ko da zargin ya haɗiye, ki ɗauke shi a lokacin zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru da ke Sakkwato, ki faɗa da bakinki tun daga ƙofa cewa batir ne, kar ki yarda a ce ki bi layin kati ki jira, hoton ƙirji ake buƙata da gaggawa. In ya wuce shekara 1 kuma yana iya haɗiya, kuma ba a kai awa 12 ba, likitoci sun yarda a ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk minti 10 a kan hanya, kar ya wuce sau 6. Zumar rage ɓarna take yi kafin a isa, ba ta fitar da batir, kuma jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma sam. Haka in kayan na da ƙananan maganaɗisu, yaro ya haɗiye biyu suna iya manne hanji da hanji su huda shi.

Tunda kin zaro shi, ki tabbatar batir ɗaya ne rimot ɗin ke ci ba biyu ba. In akwai gurbin da babu komai kuma ba ki ga ɗayan ba, yau ɗin nan ku je asibiti. Sannan murfin batir in ba mai sukuru ba ne ki naɗe shi da salatif sosai, tsohon batir kuma a naɗe shi a fitar da shi daga gidan, ba a ajiye a kan taga ko cikin kwanon allura ba. Ki duba kwalin, za ki ga shekarun da aka rubuta, da alamar nan ta fuskar jariri da aka soke mai 0-3. Babban ya riƙa haɗawa a kan faranti lokacin da ƙaramin ke barci, kina kusa, in an gama a ƙirga kayan a mayar cikin roba mai murfi a ɗora saman kabad.