Zama Mai Tsawo a Guangzhou: Wace Biza Ce Ta Dace?

Tambaya: Ina saro yadi da takalma daga Guangzhou ina kawowa Kantin Kwari. Yanzu ina so in zauna can kamar wata shida in riƙa lodin kaya da kaina. Bizar da nake zuwa da ita za ta wadatar, ko sai in riƙa fita ina dawowa?

Alhaji, bizar 'yan kasuwa ta Chaina, wadda ake kira M, an yi ta ne don a zo a sayi kaya a koma. Buɗe fasfonka ka duba abu uku a jikinta: ranar ƙarshe da za ka iya shiga, sau nawa aka ba ka damar shiga, da kwanakin da za ka yi a kowace shiga. A nan mutanenmu suke faɗawa matsala. Mutum ya ga wata uku a rubuce sai ya ɗauka zaman wata uku aka ba shi, alhali wa'adin shiga ne, zaman kuwa wataƙila kwana 30 ne kacal.

Idan lokaci ya ƙure kaya ba su fito daga masana'anta ba, ka je ofishin shige da fice na 'yan sanda ka nemi ƙarin kwanaki, aƙalla kwana 7 kafin kwanakinka su cika. Ka tafi da fasfo, da hoto, da wasiƙar kamfanin da kake hulɗa da shi, da takardar rajistar masauki. Wannan ta ƙarshen ita ce ke kayar da mutane. Otal shi yake yi maka ita, amma in gida ka kama ko kana kwana wurin ɗan'uwa a unguwar Xiaobei ta Guangzhou, wajibi ne ka yi rajista da 'yan sanda cikin awa 24. Ƙarin da za a yi maka ba ya wuce adadin kwanakinka na farko, kuma suna da ikon su hana.

Batun fita a dawo sai in bizarka ta shiga da yawa ce. Tsallakawa Hong Kong ko Macau fita ce, kuma dukansu biyu suna buƙatar biza daban ga mai fasfon Najeriya. Mai shiga ɗaya da ya fita, tasa ta ƙare.

Kada ka kuskura ka zarce. Dokar da ta fara aiki a Yulin 2013 ta tanadi tarar yuwan 500 kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Wanda aka mayar gida saboda zarcewa ana iya hana shi shiga na shekara 1 zuwa 5, wanda kuwa aka kora a hukumance kan babban laifi sai bayan shekara 10 zai sake shiga, kwantenarsa da bashinsa suna can.

Halastacciyar hanyar zama ita ce kamfani mai rajista, naka ko na wani, ya nemo maka izinin aiki, ka shigo da bizar aiki, wadda ake kira Z, ka mayar da ita takardar zama cikin kwana 30. Da ita za ka fita ka dawo yadda kake so. Sai dai tana jawo hayar ofis da haraji da akanta. In lodinka bai kai ya ɗauki wannan nauyin ba, shawarata ka daidaita tafiyarka da baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu da Oktoba, ka bar amintaccen wakili ya duba kaya kafin a rufe kwantena.