Ƙuma ta cika turke, ga layya ta matso: ina zan sa kuɗina?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar raguna da awaki a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, ya aiko da tambaya: "Turkena yana bayan gida, buhunan dusa kuma suna ɗakin da ke gefe. Ƙuma ta yi yawa, yara ba sa barci saboda susa, maƙwabta sun fara magana. Kuɗin raguna biyu ne a hannuna, ga babbar Sallah ta kusa. In ƙaro ragunan ne, ko in kashe kuɗin a kan magani?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ka sayi rago ɗaya, kuɗin ɗayan kuma ya tafi gyaran turke. In ma bai isa ba, ka haƙura da duka biyun bana.

Mu fara da aljihu. Ƙuma jini take sha, dabbar da ke kwana tana susa kuwa ba ta riƙe nama, ko ka cika ta da dusa da harawa. Ɗan akuya ƙarami yana iya mutuwa saboda ƙarancin jini. Mai sayen ragon layya zai shafa bayansa, ya buɗa gashi ya duba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ya ga ƙuma tana tsalle, sai ya karya farashi ko ya wuce gaba.

Abin da ya fi damuna dai shi ne yaran nan. Buhunan dusa na jawo ɓera, ƙumar ɓera kuwa tana ɗauke da bakteriyar zazzaɓin taifos (ba taifod ba). Idan ta ciji mutum takan yi kashi a wurin, shi kuma ya sosa, ya tura ƙwayar cutar cikin jini da farcensa. Ƙumar kyanwa, wadda ita ce aka fi samu a jikin awaki, ita ma tana yaɗa wani zazzaɓi ɗan'uwan wannan. Jiki ya yi zafi, kai ya yi ciwo, sai a ce maleriya ce, a yi ta shan maganin da ba zai taɓa cutar ba. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a gidanka, a kai shi asibiti a gwada, kuma a faɗa wa likita akwai ƙuma da ɓeraye a gidan.

Mu mutanen Zango mun san ƙarshen wannan hanya. A 1908 annobar kaluluwa, wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa, ta shiga Accra. A 1924 ta faɗa wa Kumasi, Turawa suka rushe gidaje a tsohon Zango, aka gina sabo. Ba cewa nake ita ce a gidanka ba, amma ɓera da ƙuma da buhun hatsi a ɗaki ɗaya, haɗin da ya kawo ta ke nan.

Ga inda 'yan kasuwa ke asarar kuɗi: su wanke dabba da magani, su bar ƙasa yadda take. Ƙumar da kake gani a jikin rago kaɗan ce. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana, su gangaro cikin taki da ƙura da tsagar bango, wasu su yi watanni a kwance kafin su fito. Don haka ka kwashe takin nan tas, ka sayar wa masu lambu, ka ƙone tsofaffin buhuna da tsummoki, sannan a yi feshi a ƙasa da bango, a maimaita bayan mako biyu. In kuɗi ya ragu, ka daɓe ƙasan da siminti.

Kada ka fara da maganin ɓera. Ɓera na mutuwa, ƙumarsa za ta bar gawar ta nemi jini mai ɗumi, na akuya ko na jariri. A fara kashe ƙuma, sannan ɓera. Dusa kuma ta koma cikin duro mai murfi.

Maganin da za ka sa wa dabbobin, ka je ofishin likitocin dabbobi na gwamnati su zaɓa maka, kada ka ɗauki na gonar koko daga hannun mai talla. Ka tambaye su kwana nawa za a jira kafin yanka, domin naman nan mutane za su ci ranar Sallah, sai ka ƙidaya kwanakin tun yanzu. Idan da kyanwa a gidan ka faɗa musu, akwai irin maganin da ke kashe kyanwa.

Daga yanzu kuma, duk ragon da ka sayar ka ware wasu sidi kaɗan a asusu daban don magani da feshi, kamar yadda kake ware kuɗin mota da na dusa. Sabbin dabbobin da suka sauka daga Bawku ko Burkina Faso, su yi mako biyu a ɗaure gefe guda, ka duba ƙarƙashin ciki da gindin wutsiya, kafin su haɗu da na gida.