A bar Jidda sai an sauke Umara

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya ko ya fi dacewa ku fara yin kwana biyu a Jidda ke da mahaifiyarki don sayayya da hutawa kafin ku wuce Makka. Sau uku na yi wannan tafiya, biyu daga ciki tare da tsohuwata, kuma shawarata ita ce ku bar Jidda sai ƙarshe.

Babban dalilina shi ne harami. Mafi yawan malamai suna ganin wanda ya taso daga ƙasarmu da niyyar zarcewa Umara ba ya ƙetare mikati, wato iyakar da ake ɗaukar niyya, sai da harami, ita kuwa Jidda a cikin da'irar mikatai take. Ke nan kwana biyun za ku yi su ne cikin harami a tsakiyar kasuwa, inda kafin ki ankara mai shago ya riga ya shafa miki turare a bayan hannu yana cewa, da Hausarsa ta koyo, "Hajiya, zo ki saya." A zuwana na farko haka ta faru da wata baiwar Allah da muke tare, kuma ranar ba ta samu natsuwa ba sai da ta tambayi malami.

Ku fara da Madina. Ko da a Jidda jirginku ya sauka, akwai tashar jirgin ƙasa na Haramain a cikin filin jirgin, wanda aka buɗe layinsa a 2018, kuma yana da sauƙi ga dattijuwa fiye da doguwar tafiyar mota. Ki nemi izinin shiga Rauda, da ke cikin Masallacin Annabi, ta manhajar Nusuk tun da wuri, domin gurabe suna cika. Ranar tashi zuwa Makka ku yi wanka a masauki, ku ɗauki niyya a Zul-Hulaifa, wato Abyar Ali, mikatin masu tasowa daga Madina. Idan jirgin ƙasa za ku hau, ki sani ba ya tsayawa a can, sanarwa kawai ake yi.

A Makka ki tausaya wa ƙafar Mama. Sa'ayi kaɗai ya kai kilomita 3, ga ɗawafi kafinsa, kuma zagayen benen sama ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba. Ni keken guragu na kama wa tsohuwata, na tura ta bayan sallar Isha da zafi ya lafa, tana ta addu'a tana share hawaye da gefen hijabinta.

Bayan haka ku sauko Jidda, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Da yamma ku shiga tsohon gari, Al-Balad, ku ga gidajen nan masu tagogin katako, ku yi tsarabarku a Bab Makka, sannan ku zauna a bakin Bahar Maliya ku sha iska. Ruwan Zamzam kuwa a filin jirgi za ku saya, jarka mai lita 5 wadda aka riga aka naɗe.