Ku Tambaya Mu Amsa: Fata da Iskar Hunturu

Tun da ɗari ya fara shigowa, yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili magana ɗaya suke yi, wato bushewar fata, faso da tsagewar leɓe. Mun zaɓi huɗu daga ciki, kuma mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Ni matar aure ce a Katsina. Kowace safiya ina wanka da ruwan zafi sosai, in cuɗa jikina da soso, in goge tas da tawul, sannan bayan na gama shirya yara in shafa mai, kuma man mai tsada ne. Amma kafin azahar ƙafafuna da hannayena sun yi fari fat kamar na shiga buhun gari, da dare kuma ƙaiƙayi ya hana ni barci. An ce in yawaita shan ruwa, ina sha, ban ga canji ba. Shin man ne ba shi da kyau?

Amsa: Hajiya, kafin ki ɗora wa man laifi, bari mu duba abin da ke faruwa tsakanin banɗaki da gaban madubi, domin a ganina a nan ɓarakar take. Iskar hunturu, wadda ke kaɗawa daga arewa maso gabas tun daga wajen Nuwamba har zuwa Maris, tana ratso Sahara ne ɗauke da ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma tana isowa Katsina, Kano, Maraɗi da Damagaram a bushe ƙarau. A wasu ranakun laimar da ke cikin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Iskar da ke busar da shanyar wanki kafin ki gama ɗauraye sauran kayan, ita ce ke zuƙe ruwan fatarki.

Saman fatar ɗan Adam ya yi kama da ginin ƙasa: akwai tubala, wato ƙwayoyin fata da suka mutu suka jeru a kan juna, akwai kuma yaɓen da ya haɗe su, wanda wani irin maiƙo ne da jiki ke samarwa da kansa. Wannan yaɓen shi ke tsare ruwan da ke ciki kada ya fice. Ruwan zafi sosai yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da maiƙon tukunyar miya, sabulu mai ƙarfi ya kwashe abin da ya narke, soso kuma ya kankare saura. Idan kika fito kika goge jiki tas, sannan kika shafe rabin sa'a kina fama da takalman yara da kwanon abincinsu, iska ta riga ta yi aikinta, sai ya zama kina shafa mai ne a kan busasshiyar fata.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mai ba ya zuba wa fata ruwa, aikinsa shi ne ya rufe ruwan da ya tarar kada ya tsere. Saboda haka lokacin shafawa ya fi tsadar man muhimmanci. Ki sirka ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai, wanda za ki iya tsoma gwiwar hannu a ciki ba tare da kin janye ba, kuma kada wankan ya wuce minti 5 zuwa 10. Ki taƙaita sabulu ga wuraren da ke tara gumi, kamar hammata, matsematsi da ƙafafu, domin ƙwauri da damatsa ba sa bukatar kumfa kowace rana a wannan yanayi. Soso mai kaushi a ajiye shi sai sau ɗaya a mako, ko a jingine shi gaba ɗaya har zafi ya dawo. Idan kin fito, ki dinga dannawa da tawul a hankali maimakon gogewa, ki shafa mai cikin minti 3 tun jikin yana da sauran danshi. Hanya mafi sauƙi ita ce ki shiga banɗaki da robar man, ki ajiye ta kusa da sabulu.

Game da irin man kuwa, ra'ayina ba zai yi wa masu shagunan kayan kwalliya daɗi ba. Mai ruwa-ruwa da ke zuba daga kwalba mai famfo, komai ƙamshinsa da tsadarsa, yawancinsa ruwa ne, kuma an yi shi ne domin yanayi mai laima. Hunturu mai kauri yake so. Basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajistar mallaka a Amurka tun 1872, har yau yana cikin abubuwan da suka fi kowane mai hana ruwa fita daga fata, ga shi da araha, kuma da wuya ya tayar wa mutum da ƙuraje idan ba a zuba masa turare ba. Man kaɗanya da kakanninmu suka rayu da shi ma yana aiki sosai, muddin tsantsa ne ba a gauraya shi da wani abu ba. Ki murza ɗan kaɗan a tafin hannu har ya narke kafin ki shafa. Gilisarin kuma aikinsa daban ne, shi janyo ruwa yake yi zuwa saman fata, don haka ba a shafa shi tsura a busasshen jiki cikin busasshiyar iska, ana sirka shi da ruwa ne, a bi bayansa da basilin ko kaɗanya. Idan kina son man da kika saya da tsada kada ya tashi a banza, ki fara shafa shi a jiƙaƙƙiyar fata, ki ɗora mai kauri a kai a ƙwauri, gwiwa da bayan hannu.

Shan ruwa yana da kyau, musamman da yake sanyi kan ɓoye ƙishirwa, amma ga wanda yake shan abin da ya ishe shi, ƙarin kofi biyar ba zai gyara yaɓen da ruwan zafi ya wanke ba. Ki gwada wannan tsari na mako biyu zuwa huɗu, wanda shi ne kusan lokacin da saman fata ke ɗauka ya sabunta. In ƙaiƙayin bai lafa ba, ko ya fi tsanani a tsakanin yatsu da kugu kuma wasu a gidan ma suna susa, to ki je asibiti, domin ƙazuwa ma da dare take tashi, kuma mai ba ya kashe ta.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina wuni a tsaye da silifa. Duk shekara faso yake kama ni, bana har jini yake yi, kuma idan na zo alwala sai ruwa ya shiga ya yi ta raɗaɗi. Wani abokina ya ba ni shawarar in ɗiga narkakken kyandir a ciki, wani kuma ya ce in yanke kaushin da reza.

Amsa: Alhaji, duka shawarwarin biyu ka bar su inda ka ji su. Kyandir mai zafi ƙuna zai ƙara maka a kan rauni, reza kuwa ba ta san iyakar mataccen kaushi da rayayyen nama ba. Fatar diddige ta fi ta ko'ina kauri, ba ta da kafofin da ke fitar da maiƙo irin na sauran jiki, kuma ita ke ɗaukar nauyinka. Idan ta bushe ta yi tauri, duk takun da ka yi a silifa tana bajewa gefe, sai ta dare kamar ƙasar fadama a bazara. Jiƙa ta sau biyar a rana a bar ta ta bushe a iska yana ƙara mata tauri, don haka bayan kowace alwala ka tsane ƙafa da ɗan ƙyalle, har tsakanin yatsu, ka shafa ɗan basilin a diddige. Ƙaramar roba ɗaya a aljihu ko a shago ta isa.

Babban aikin da dare ake yin sa. Ka jiƙa ƙafafu a ruwan ɗumi na kimanin minti 10, ka goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ban da wurin da ya tsage, sannan ka shafa mai da kauri ka sa safar auduga ka kwana da ita. A kantin magani akwai man ƙafa mai sinadarin yuriya, wanda ƙarfinsa kan kama daga kashi 10 zuwa 25 cikin 100, yana tausasa kaushi fiye da basilin kaɗai, amma yana da zafi a buɗaɗɗen rauni, saboda haka sai tsagar ta rufe za ka fara shi. Wurin da ke jini a wanke shi da ruwa mai tsabta, a shafa basilin, a rufe da filasta. Da rana kuma takalmi sau-ciki da safa ya fi maka silifa har ɗari ya wuce, ko da abokan kasuwa za su tsokane ka cewa ka zama ma'aikacin banki.

Akwai sharaɗi guda da ba a wasa da shi. Idan kana da ciwon sukari, ko kana jin ƙafafunka sun yi dindiris kamar ba naka ba, faso ya tashi daga matsalar kwalliya. Sukari yana rage jin zafi a ƙafa, yana kuma jinkirta warkewa, ta yadda ƙaramar tsaga kan zama gyambon da ke kai mutum ɗakin tiyata. Mai wannan lalura ba ya yin wannan jiƙa ƙafar ta dare ko kankare ta da kansa sai da izinin likita, kuma duk tsagar da ta kumbura, ta yi ɗumi ko ta fara fitar da ruwa, a ranar ake kai ta asibiti.

Tambaya: Ɗana yana da wata 8, muna zaune a Jos. Kumatunsa sun yi ja sun yi kaushi, yana ta murza su a kafaɗata. Kakarsa ta ce a gasa shi da ruwan zafi safe da yamma, a shafe shi da man zafi, a kuma sa kaskon garwashi a ɗaki saboda sanyi. Ba na son in saɓa mata.

Amsa: 'Yar'uwa, Inna ta yi gaskiya cewa sanyin Jos ba abin rainawa ba ne ga jariri, kuma daga nan ya kamata ki fara maganar da ita. Sai dai fatar jariri ta fi ta babba rashin kauri, tana saurin rasa ruwa, tana kuma saurin tsotse abin da aka shafa mata. Wanka ɗaya a rana da ruwan ɗumi ya wadatar, a yi shi da hantsi lokacin da rana ta fito, da yamma kuma a goge masa wuya da wurin kunzugu da jiƙaƙƙen ƙyalle. A shafa masa basilin marar turare ko tsantsar kaɗanya nan take bayan wanka, a ƙara a kumatu kafin a ba shi abinci da kuma kafin a fita da shi, domin yawu da ragowar koko da ke bushewa a fuska suna cikin abin da ke jawo wannan jan. Man zafi mai kafur ko mantoli ba na yaron da bai kai shekara 2 ba ne, musamman kusa da hanci, domin yana iya takura masa numfashi. Rigar sanyi ta ulu kada ta taɓa fatarsa kai tsaye, a sa ta auduga a ƙarƙashi.

Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki shi ne abin da ba zan sassauta a kai ba. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari da launi, wadda ke sa mutane barcin da ba a farkawa, kuma jariri ne ke fara galabaita. A ƙara bargo da hula da safa, wuta ta tsaya a waje. Idan bayan mako guda kumatun ba su yi sauƙi ba, ko suka fara tsattsafo da ruwa ko yin ɓawo mai ruwan zuma, ki kai shi a duba, kuma ki roƙi Inna ta raka ki domin ta ji bayanin daga bakin ma'aikatan lafiya da kunnenta.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Zariya. Leɓena yana tsagewa duk da ina yawan lasarsa, sannan man haɗin da nake shafawa don hasken fuska ya fara yi mini raɗaɗi tun da iska ta taso.

Amsa: Ƙanwata, lasar ce ke ƙara tsaga leɓen, domin yawu yana bushewa da sauri ya tafi da ɗan danshin da ya tarar. Ki riƙa shafa basilin sau da yawa a rana da kuma kafin barci, ki daina ɓare fatar da haƙori.

Maganar man haɗi ta fi nauyi. Da yawa daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi kamar kulobetasol da haidurokwinon, wasu ma har da makuri, wato zaiba, kuma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Kulobetasol yana sirantar da fata idan aka daɗe ana shafawa, shi ya sa iskar da wasu ke ji a matsayin bushewa ke kuma kike jin ta kamar barkono. Idan kin yi watanni kina amfani da shi, yankewa rana ɗaya kan sa fuska ta yi ja ta feso da ƙuraje, abin da ke mayar da mata da yawa ga robar da suka gudu daga gare ta. Ki ɗauki man yadda yake ki kai wa likitan fata, akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin a tsara miki yadda za ki janye a hankali. Kafin ranar ganin likita, ki wanke fuska sau ɗaya ko biyu a rana da ruwan ɗumi, ki jingine dilka da duk wani abin gurzawa, ki kuma kare fuskar daga rana da laima ko mayafi idan za ki fita aji.