Yaya Zan Gane Faifan Waƙa Na Asali?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Aboabo a Kumasi nake rubutowa. Na sayi sabon faifan CD na waƙoƙin hailaif (wani salon kiɗa na Gana) a wani shago, amma da na isa gida sai na tarar waƙa ta uku tana tsalle. Yaya zan bambanta na asali da na jabu, kuma ko ya dace in nemi a kunna mini kafin in biya?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Ya dace ƙwarai, kuma mai shagon da ya san darajar sana'arsa ba zai ji haushi ba. Kada ki tsaya a waƙar farko kawai. Ki roƙe shi ya kunna ta tsakiya da ta ƙarshe, domin faifan CD daga ciki yake fara karantuwa zuwa waje, kuma gefen wajen ne yatsu da ƙarzuwa suka fi taɓawa.

Sannan ki juya faifan ki ɗaga shi wajen haske. Wanda aka buga a masana'anta fari ne kamar azurfa, da ƙananan lambobi a zoben da ke kewaye da ramin tsakiya, shi kuwa wanda aka kwafa da kwamfuta sau da yawa yakan yi ɗan kore ko shuɗi, hoton bangonsa kuma a dishe.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin mawaƙin, domin ko sisi ba ya samu daga kwafin sata, alhali dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ta haramta wannan ciniki. Ki mayar da faifan cikin ladabi, ki nemi canji.