Amsa kan oksijin ɗin jaririn da aka ciro ta tiyata

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne jaririn CS, wato wanda aka ciro ta tiyata, oksijin ɗinsa bai kai na wanda uwa ta haifa da kanta ba. Akwai bambancin, amma ɗan kaɗan ne, kuma na mintunan farko ne kawai in jaririn lafiyayye ne.

Kowane jariri da ƙarancin oksijin yake fitowa. A minti 1 da haihuwa na'urar auna oksijin a jini takan nuna kashi 60 zuwa 65, a minti 5 kashi 80 zuwa 85, sai wajen minti 10 ya kai 85 zuwa 95. Na CS yakan ɗan yi jinkiri kafin ya kamo ɗan'uwansa.

Dalilin yana huhu. A ciki, huhun ɗan tayi cike yake da ruwa, naƙuda ce ke sa jikinsa ya saki sinadaran da ke umartar huhun ya fara tsotse ruwan. Wadda aka sa wa ranar aiki, aka ciro ɗan ba ta yi naƙuda ba, wannan shiri bai samu ba. Shi ya sa ake jira a cika mako 39 in ba larura. Allurar barci ta gaba ɗaya ma takan sa jariri ya fito da kasala fiye da allurar baya.

Wajen awon ne ake yawan kuskure, kuma yana damuna. A ɗaura na'urar a hannun dama, don jinin ƙafa a lokacin a gauraye yake da jini mai ƙarancin oksijin, zai nuna ƙasa da gaskiya. A goge hannun ya bushe, a jira lambar ta tsaya. Hannu mai sanyi ƙarya yake bayarwa. Ganin 70 a minti 3 kada ya sa a ruga buɗe tukunyar oksijin; in yana kuka, zuciya na bugawa sama da 100 a minti, a tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a lulluɓe, a jinkirta yanke cibiya minti 1 zuwa 3.

Shuɗin tafin hannu da ƙafa ba komai ba ne ranar farko. A fatarmu, harshe da cikin leɓe ake dubawa. In su suka yi shuɗi, ko numfashi ya haura 60 a minti, ko yana nishi, ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ƙofofin hanci na buɗewa, a kira likita nan take. Sau da yawa ragowar ruwan huhun ne, yakan washe cikin kwana 1 zuwa 3, amma likita ne zai bambance shi da ciwon huhu ko na zuciya.