Kotu ta ce na karye, shin bashin karatu ya sauka daga wuyana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka. Na ci bashin gwamnati na yi karatun jami'a, daga baya kasuwancina ya rushe. Kotu ta tabbatar da karayar arzikina, ta share mini bashin katin banki, amma ta bar na karatu. Shin a Shari'a ya sauka daga wuyana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai sauka ba, ɗan'uwa. Abin da talauci yake jawo wa mai bashi jinkiri ne. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa bashi ya yi wa wani mutum katutu, sadakar da aka tara masa ba ta isa ba, sai Annabi (SAW) ya ce wa masu binsa su karɓi abin da suka samu, ba su da komai sai shi. Malamai sun fahimci wannan a kan halin da yake ciki a lokacin. Ranar da ya wadata, ragowar tana jiransa. Uwar kuɗin katin bankin ma haka take, kada ka manta da ita.

Dokar ƙasar da kake ma ba ta sake ka ba. Tun 1998 karayar arziki ba ta goge bashin karatu na gwamnatin tarayya, a 2005 aka haɗa da bashin karatu na kamfanoni masu zaman kansu, sai wanda ya shigar da ƙara daban ya tabbatar da matsanancin ƙunci. In halinka ya kai haka, nemi lauya, babu laifi, muddin ba ka ɓoye dukiya ba. Gwamnati ce mai kuɗin, kuma ita ta buɗe ƙofar. Abin da aka yafe maka ta nan ya halatta.

Kuɗin ruwan da ke kai riba ne, ka tuba daga shiga wannan yarjejeniya. Shari'a uwar kuɗi kawai ta ɗora maka, amma tunda za su karɓa ko ka so ko ka ƙi, biyanka na tilas ne. Nemi tsarin biya gwargwadon samunka, in ka samu sarari ka gaggauta ƙarasawa don ruwan ya daina taruwa. Kana kuma cikin mabarta, wato waɗanda ake bi bashi, da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, za a iya ba ka zakka ka rage uwar kuɗin.

Wallahu a'alam.